Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Ribar da Yaro Ke Ci a Rashin Jinsa

Jawabin da kwamitin ilimi na reshe ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na malamai



Shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka riga mu shiga wannan aiki, 'yan'uwa malamai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da aka ba kwamitinmu wannan lokaci. Galibi idan muka taru a nan, maganar albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya ita ke cinye zaman, kuma ta cancanci haka. Yau an nemi mu taɓo wani abu dabam wanda ke cin ran malami kullum daga shiga aji har zuwa tashi, wato yaron da ya gagara.

Sunayen da ake ba irin wannan yaro a ofishin malamai suna da yawa: mai taurin kai, marar kunya, gagararre, wanda aka sangarta a gida. Idan an gaji sai a rufe da cewa hali zanen dutse. Illar waɗannan sunaye ita ce ba sa gaya wa malami abin da zai yi gobe da safe, domin in dai hali ne aka zana a dutse, to aiki ya ƙare, sai bulala ko kora. Muna so mu kawo muku wata tambaya da ta fi su amfani, wadda wani fanni na ilimi ya shafe fiye da shekara hamsin yana gwada ta: wannan abu da yaron nan yake ta maimaitawa, me yake samar masa?

Fannin da muke magana a kai ana kiransa nazarin ɗabi'a a aikace, a littattafai kuma za ku ga an taƙaita sunansa da haruffan ABA. Tushensa yana cikin binciken B. F. Skinner, masani ɗan Amurka wanda ya yi gwaje-gwajensa na farko da ɓeraye, daga baya da tantabaru, ya kuma fitar da littafinsa na farko a kan batun a 1938. Abin da ya kafa a taƙaice shi ne, abin da ya biyo bayan aiki shi ke yanke hukuncin ko za a sake yin aikin. Aikin da ya jawo wa mai shi abin da yake so, ko ya kawar masa da abin da ba ya so, zai ƙara yawa. Wanda bai jawo komai ba zai yi ta raguwa har a bar shi. A 1968 wasu malamai uku na Jami'ar Kansas, Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley, suka rubuta maƙalar da ta zayyana yadda za a fitar da wannan ilimi daga ɗakin gwaji a kai shi aji da gida da asibiti, a cikin mujallar da aka kafa wa fannin a wannan shekarar.

Masu fannin suna raba siffar aiki da amfaninsa ga mai yin sa. Mu a wannan jawabi za mu riƙa kiran amfanin nan riba. A ɗauki yara uku a aji ɗaya, dukkansu suna buga benci ana cikin darasi. Na farko yana bugawa ne domin duk lokacin da ya buga sai malam ya juyo ya kira sunansa. Na biyu yana bugawa ne idan an raba aikin lissafi, kuma ya saba da cewa ƙarshen abin a fitar da shi waje. Na uku ko shi kaɗai ne a ajin zai buga, ƙarar ce ke yi masa daɗi. Ido ya ga abu ɗaya, alhali kuwa abu uku ne, kuma maganin da ya yi wa na farko aiki zai iya ƙara lalata na biyu. A nan ya kamata mu yi wa yaran adalci tun da wuri: cewa yaro yana cin riba ba ya nufin ya zauna ya ƙulla makirci. Yawancinsu in aka tambaye su dalili ba za su iya faɗa ba, kamar yadda babba ke bin hanyar da ta saba kai shi gida da wuri ba tare da ya tsaya lissafi ba.

Wannan tunani ya samu ƙarfinsa ne daga wurin da abin ya fi muni, wato yara masu tawayar fahimta waɗanda ke cutar da kansu, masu buga kai da bango ko cizon hannu har jini. A 1977 Edward Carr ya tattara abin da aka rubuta a kan wannan matsala, ya nuna cewa ba lalle ne dalilinta ya zama ɗaya ga kowa ba. Sai a 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa a Baltimore suka fito da hanyar gwada maganar. Sun ɗauki mutum tara masu wannan lalura, suka riƙa sanya su cikin yanayi daban-daban har huɗu, kowane zama na minti goma sha biyar, ƙarƙashin kulawar likitoci. A yanayi na farko babba yana zaune yana harkarsa, ba ya kula yaron sai ya cutar da kansa, sannan ya juyo ya nuna damuwa. A na biyu ana ba shi aiki mai wuya, in ya cutar da kansa sai a janye aikin na ɗan lokaci. A na uku a bar shi shi kaɗai babu abin wasa. A na huɗu kuwa ga kayan wasa, ga kulawa, babu aikin da aka ɗora masa. Shida daga cikin taran suka nuna a fili cewa cutar da kan nasu tana tashi ne a yanayi guda, kuma yanayin ya bambanta daga wannan zuwa wancan.

A 1994 Iwata da jama'arsa suka fitar da sakamakon irin wannan gwaji a kan mutum 152 da suka duba cikin shekara goma sha ɗaya. Kimanin kashi 38 cikin 100 ribarsu ita ce kuɓuta daga aiki ko wani abin da ya dame su. Kimanin kashi 26 kulawa suke samu ko abinci ko wani abin hannu. Kusan wasu kashi 26 kuma ribar tana cikin aikin kansa, babu ruwanta da mutane. Ragowar ko dai riba fiye da ɗaya ce, ko ba ta fito fili ba. Waɗannan alƙaluma na masu cutar da kansu ne a wata ƙasa, kada wani ya ɗauke su ya ɗora a kan ajinsa. Abin da muke so ku riƙe daga ciki shi ne wadda ta zo kan gaba, domin ita ce malami ya fi saurin mantawa da ita.

Mu tsaya a kanta, wato gudun aiki. A ɗauki yaro ɗan aji biyar wanda har yanzu ba ya iya haɗa baƙi da wasali, kuma duk mun san akwai su, ba ɗaya ba ba biyu ba. Malam ya ce a buɗe littafi, za a yi karatu layi layi. Yaron yana ƙirga kawuna, ya ga saura mutum huɗu a zo kansa. Abin da ke jiransa shi ne ya miƙe ya yi ta in-ina a gaban sa'o'insa, 'yan mata suna ƙunshe dariya. Sai ya mintsini na kusa da shi, ko ya yi wa malam wata magana ta rashin kunya. Malam ya ce fita waje ka yi kamun kunne, ko je ka share bakin ofis. A idon malam an hukunta shi. A wurin yaron kuwa gaba ta kai shi, domin an ɗauke masa abin da ya fi tsoro, kuma ya fita da sunan jarumi. A shekarun nan nasu yaro ya gwammace a kira shi gagararre sau goma da a kira shi daƙiƙi sau ɗaya. Gobe in aka ce a buɗe littafi, ba zai jira saura mutum huɗu ba.

Haka abin yake ga yarinyar da cikinta ke ciwo duk ranar shifta, da yaron da fitsari ke kama shi da zarar an rubuta jinga a allo, da wanda ake koya masa darasi da Turancin da bai ji ba ya ga zaman ba shi da amfani. Ba mu ce kowane ciwon ciki ƙarya ba ne. Mun ce a duba ranakun da yake zuwa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son faɗa ba, amma tunda mu ya mu ne za mu faɗa. Dokar nan ba ta tsaya a kan yara ba, ta hau kan manya. Malamin da ya kori yaro waje ya samu shiru nan take, ya ƙarasa darasinsa cikin natsuwa. Shirun nan riba ce, kuma ita za ta sa gobe ya fi saurin korar. Gerald Patterson, wanda ya daɗe yana nazarin zaman iyaye da 'ya'yansu a jihar Oregon ta Amurka, ya bayyana irin wannan tarko a tsakanin uwa da ɗa: kowanne yana samun sauƙi na ɗan lokaci daga ɗayan, kuma kowanne yana horar da ɗayan a kan abin da zai ƙara ɓata zaman. A aji, yaro ya koyi cewa fitina tana raba shi da karatu, malam ya koyi cewa kora tana raba shi da fitina. Dukansu biyu sun samu biyan buƙata a ranar, sai dai zango ya ƙare yaron bai koyi karatun ba, giɓin da ke tsakaninsa da sa'o'insa ya ƙara faɗi, dalilin gudun ya ƙara ƙarfi. Irin wannan yaro ne ake wayar gari an daina ganinsa, a tambaya a ce yana tasha ko yana bin masu gini.

Riba ta biyu ita ce kulawa, kuma a kanta aka yi wasu daga cikin gwaje-gwajen aji na farko. A 1968 Vance Hall da abokan aikinsa suka duba yara shida 'yan firamare masu yawan wasa da tsokana. Aka nemi malamansu su riƙa zuwa kusa da yaro su yi masa magana mai daɗi a lokacin da yake aikinsa, su kau da kai idan yana shiririta. Lokacin da yaran ke yi a kan aiki ya ƙaru sosai. Domin a tabbatar ba dace ba ne, sai aka juya abin na ɗan lokaci, malam ya koma kula yaro sai yana shiririta, nan da nan aikin ya faɗi. Aka mayar da tsarin farko, ya sake tashi. A wannan shekarar dai Don Thomas da Wesley Becker da Marianne Armstrong suka yi akasin haka da wani aji mai natsuwa: aka nemi malamar ta daina yabo gaba ɗaya, sai hayaniya ta ƙaru, da aka nemi ta ninka faɗanta sau uku kuwa, sai yawo a aji da surutu suka ƙara yawa.

Wani zai ce, yaya za a yi faɗa ya zama lada? Amsar tana cikin yawan yaran da ke gabanmu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuwa mun san ajujuwan da rajistarsu ta haura ɗari. A irin wannan aji yaro mai natsuwa zai iya yin mako guda malam bai ambaci sunansa ba. Wanda ya hau kan benci kuwa za a kira sunansa har da na mahaifinsa, a dube shi ido cikin ido, darasi ya tsaya dominsa. Ga yaron da ba a kula shi a gida ba a kula shi a makaranta, tsawa ta fi shiru. Shi ya sa malami zai ce na yi masa faɗa har muryata ta dishe bai daina ba, bai sani ba muryar tasa ce ake saye.

Sau da yawa kuma ba kulawar malam ake nema ba, dariyar 'yan aji ce. A nan ko malam ya kau da kai babu abin da zai canja, tunda ba shi ke biya ba. Dabarar da aka gwada tun 1969 a wani aji huɗu a Kansas, wadda Harriet Barrish da Muriel Saunders da Montrose Wolf suka wallafa, ta dace da manyan ajujuwa irin namu domin ba ta cin kuɗi. A raba aji gida biyu, a bayyana dokoki kaɗan, misali ba a tashi ba izini, ba a magana ba izini. Duk wanda ya karya, a sa wa ɓangarensa maki a allo. Ɓangaren da ya fi ƙarancin maki ya ci, in kuma duka biyun ba su wuce adadin da aka ƙayyade ba, duka sun ci, a ba su wani ɗan gata kamar fara fita tara. Abin da ke faruwa shi ne masu dariyar sun daina dariya, kasuwar mai ban dariya ta mutu. Sai dai malam ya sa ido kada yara su mayar da abin duka ga wanda ya jawo musu maki.

Riba ta uku, samun abin hannu, iyaye sun fi mu saninta, kuma tunda wannan jawabi zai shiga gidajen mambobi bari mu ce wani abu a kai. Yaro ya yi birgima a bakin kanti sai an saya masa alewa, ko ya yi ta kuka sai an miƙa masa waya. Uwa ta hana sau huɗu, a na biyar mutane suna kallo sai ta bayar. Abin da yaron ya koya shi ne kukan farko da na biyu ba sa biya, sai an dage. Masu fannin sun daɗe da tabbatar da cewa aikin da ake biya jefi-jefi ya fi wanda ake biya kullum wuyar bari. In za a bayar, gara a bayar tun ya roƙa da ladabi.

Ta huɗu ita ce wadda ba ta bi ta hannun kowa ba. Yaro yana kaɗa jiki gaba da baya, ko yana gunguni, ko yana karkaɗa yatsu a gaban idonsa, ko akwai mutane ko babu. An fi ganin wannan ga yara masu lalurar da likitoci ke kira otizim, ko da yake mu ma da ke nan akwai mai kaɗa ƙafa da mai tauna murfin biro. A nan muna da ra'ayi, kuma za mu faɗe shi. Manya da yawa masu otizim, waɗanda aka yi musu irin wannan horo suna yara, sun fito sun soki yadda aka tilasta musu barin motsin da ke kwantar musu da hankali don kawai su yi kama da sauran mutane, kuma a shekarun farko na fannin an yi amfani da hukunci mai zafi a kan irin waɗannan yara. Sukar tana da gaskiya a ciki. Sanin ribar wani aiki bai wajabta kawar da shi ba. In motsin bai cutar da yaron ba, bai hana shi ko wani karatu ba, a bar shi da abinsa. In kuwa yana cutar da kansa, kamar mai dukan kunne ko muƙamuƙi, to kafin komai a kai shi asibiti a duba, domin yaron da ba ya iya magana ba shi da wata hanyar cewa kunnensa ko haƙorinsa na ciwo.

To yaya malami zai gane wace riba ce a gabansa? Irin gwajin da Iwata ya yi aikin ƙwararru ne, ba mu ba kowa shawarar ya tsokano fitina da gangan don ya ga abin da zai faru. Abin da ke hannunmu shi ne lura da rubutawa, bisa tsarin da Sidney Bijou da abokansa suka bayyana a 1968. A samu shafi ɗaya a ja layi biyu ya zama gida uku: abin da ya gabata, abin da yaron ya yi, abin da ya biyo baya. A zaɓi yaro ɗaya da aiki ɗaya, a kuma rubuta aikin yadda za a iya ƙirga shi. Rashin kunya ba ta ƙirguwa, amma ya jefa littafi ƙasa, ko ya bar wurin zamansa, wannan ko baƙo ne ya shigo zai iya ƙirgawa. Gida na uku shi ne mai wuya, domin abin da malam da 'yan aji suka yi ake rubutawa a ciki, kuma dole a rubuta shi yadda ya faru. Bayan mako ɗaya ko biyu a zauna a karanta shafin daga sama har ƙasa. Sau da yawa abin da ake cewa yana yi kullum sai a ga a darasi biyu kawai yake yi, ko a wurin malami ɗaya, ko bayan an dawo tara.

Akwai tarko a cikin wannan rubutu wanda ya kamata ku sani. Kusan duk wata babbar fitina magana ce ke bin bayanta, domin babu malamin da zai ga ana dambe ya yi shiru. Saboda haka shafin zai riƙa nuna kamar kulawa ce ribar komai, alhali wataƙila abin da yaron ya samu shi ne darasin da ya tsaya. Hanyar kauce wa wannan ita ce a tambayi lokacin da ba ya yi. In yana zaune lafiya a darasin zane da na motsa jiki ko da ba wanda ya kula shi, sai an zo rubutu ya tashi, to a fi zargin gudun aiki. In kuwa ko aikin mai sauƙi ne yana tashi da zarar malam ya juya wajen wasu, ya kuma lafa idan aka tsaya a kansa, to kulawa ce. A kuma rubuta abin da ya zo da shi daga gida a gefen shafi. Yaron da bai karya ba, ko wanda ya kai dare yana talla, aikin da jiya ya jure yau zai gagare shi, kuma wannan ba ya cikin abin da kau da kai ko yabo ke gyarawa.

Idan an gane ribar, aikin da ya rage shi ne a buɗe wa yaro wata ƙofa zuwa gare ta. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka gwada haka da yara huɗu masu tawayar fahimta. Waɗanda fitinarsu ke tashi idan aiki ya yi wuya aka koya musu su ce ba su gane ba, sai a taimake su. Waɗanda tasu ke tashi idan babba ya rage kula su aka koya musu su tambaya ko aikinsu ya yi kyau, sai a yaba musu. Fitinar ta ragu ƙwarai. Abin lura shi ne da aka koya wa yaro jimlar da ba ta dace da buƙatarsa ba, ba ta yi aiki ba. Wato ba ladabin maganar ne ya gyara ba, dacewarta da ribar ne.

A ajinmu wannan yana nufin yaron da ke gudun karatu a bainar jama'a a daina tsayar da shi a gaban aji, a ba shi abin da ya yi daidai da matakinsa, a yi yarjejeniya da shi a asirce cewa in ya kife littafinsa malam zai zo ya duba shi, ko zai samu hutun minti biyu ya dawo. Ranar da ya yi fitina kuwa aikin yana nan yana jiransa, ko da layi biyu ne. Mai neman kulawa a ba shi ita tun bai nema ba: a gaishe shi da sunansa a bakin ƙofa, a ba shi goge allo ko raba littattafai, a tsaya a kansa lokacin da yake rubutu. Sharaɗin duka shi ne sabuwar hanyar ta fi tsohuwar sauƙi da saurin biya. In yaro ya ɗaga hannu minti goma ba a kula shi ba, alhali buga benci na kawo malam cikin daƙiƙa biyu, kowa ya san wadda zai zaɓa.

Ku kuma shirya wa abu guda. Idan aka daina biyan aikin da aka saba biya, wani lokaci yakan ƙara tsanani kafin ya lafa, kamar mai buga ƙofar da aka saba buɗe masa, in ya ji shiru sai ya ƙara ƙarfin bugu. Malamin da bai san haka ba zai ce dabarar ba ta yi ba, ya koma tsawa a daidai lokacin da fitinar ta kai ƙololuwa, ya koya wa yaron cewa sabon farashin ke nan. Don haka kada a fara sai an yi shawara da sauran malaman da ke shiga ajin da shugaban makaranta, in da hali da iyaye. Kau da kai kuma na ƙananan abubuwa ne. Duka da jifa da duk abin da zai ji wa wani rauni ana tsayar da su nan take, sai dai a tsayar da su da gajeriyar magana ba tare da an mayar da abin kallo ba.

Mun san za a tambaye mu batun bulala, kuma mun san ra'ayi ya rabu a ɗakin nan. Ba za mu buɗe muhawarar duka yau ba, za mu dube ta ne da ma'aunin da muka kawo. Bulala tana tsayar da fitina a take, shi ya sa hannu ke saurin komawa gare ta. Amma ba ta koya wa yaron haɗa baƙi da wasali, ba ta kuma nuna masa yadda zai nemi taimako. Ribar da yake nema tana nan, sai ya nemo mata wata hanya. In kuwa gudun abin da ba ya so shi ne tushen fitinarsa, to an ƙara masa abin gudu, kuma hanya mafi sauƙi ta guje wa makarantar da ake dukansa ita ce ya daina zuwa.

A Amurka, tun gyaran da aka yi wa dokar ilimin yara masu naƙasa a 1997, akwai yanayin ladabtarwa da doka ta wajabta wa makaranta ta binciki ribar ɗabi'ar yaro, musamman idan za a raba shi da ajinsa na tsawon lokaci. Su suna da ma'aikatan da aka horar domin wannan. Mu malami ɗaya ne da alli da yara ɗari, kuma babu mai iya koyarwa yana cike gida uku a lokaci guda. Shi ya sa kwamitinmu ke miƙa wa shugabannin reshe buƙatu biyu. Ta farko, a nemi shugabannin makarantu su amince malamin da ba shi da darasi ya riƙa zama a bayan ajin ɗan'uwansa na minti ashirin yana cike masa shafin, bisa sharaɗin cewa takardar ta malamin ajin ce, ba za ta shiga fayil ɗin kowa ba, ba kuma za a yi amfani da ita wajen auna malami ba. Ta biyu, kafin a dakatar da yaro ko a kira iyayensa a kan fitinar da ya saba yi, a zo da irin wannan shafi na aƙalla mako guda a ajiye a kan tebur, domin a yi magana a kan abin da aka gani.

Mun buga samfurin shafin, yana wurin sakataren reshe, kowace makaranta ta karɓi nata kafin a watse. Waɗanda suka gwada muna roƙon su zo da abin da suka rubuta a zama na gaba, a goge sunayen yaran, mu karanta tare.